Masihiyawan Karkarar Kano da Yaƙinsu da Fargaba

Wanda ya fita daga Kano ta hanyar Katsina ya miƙe zuwa Bichi da Tsanyawa, zai yi tafiya mai nisa bai ga abin da za a kira daji ba. Gona ce ke bin gona, gida na hango gida, sai gawo da ɗorawa da tsamiya da aka bari a tsakiyar shuka don an san amfaninsu. Masanin ƙasa Michael Mortimore, wanda ya auna wannan yanki tun shekarun 1960, ya tarar fiye da kashi 80 cikin 100 na ƙasar ana nome ta kowace damina, babu hutu. Tun daga lokacin jama'a sai ƙaruwa take, gona kuwa ba ta haihuwa. Hausawa sun ce tsoro na daji, kunya na gida. A nan dajin ya ƙare, amma tsoron bai ƙare tare da shi ba, ya biyo mutane har cikin ɗaki.

A tsakanin waɗannan gonaki akwai gidajen da baƙo ba zai bambanta su da na maƙwabta ba, sai ranar Lahadi. Danga iri ɗaya, rumbu iri ɗaya, tuwon dawa da miyar kuka iri ɗaya. Amma maigidan yana iya zama Tanko Bitrus ko Ɗanjuma Yohanna, kuma da hantsin Lahadi za ka ga iyalinsa sun bi hanya tsakanin kunyoyi zuwa wani ɗan gini mai rufin kwano. Kiristoci ne Hausawa, waɗanda da yawansu ke kiran kansu Masihiyawa, akasarinsu jikokin Maguzawa. Sun fi yawa a kudu da yammacin jihar Kano, wajen Sumaila da Tudun Wada da Rogo da Ƙaraye. A arewa kuwa a warwatse suke, gida biyar nan, gida goma can, kuma wannan warwatsuwar tana cikin abin da ke ƙara musu zullumi. A idon Musulmi da yawa Bahaushe ba ya zama Kirista. A idon wasu Kiristocin Sabon Gari kuma, duk mai hula da babbar riga Musulmi ne. Mutanen da ke zaune a wannan tsaka-mai-wuya sun cancanci a saurare su idan suna maganar yadda ake kwana da fargaba a tashi a kama fartanya.

Tsoron da aka gada

Tsoron farko ba na mutum ba ne. Lokacin da Joseph Greenberg, wani masani ɗan Amurka, ya zauna a ƙauyukan Maguzawa na ƙasar Kano a 1938 da 1939, ya tarar da duniyar da iskoki suka cika maƙil: farare da baƙaƙe, na gida da na daji, kowanne da sunansa da mazauninsa da cutar da yake jefa wa wanda ya saɓa masa. Inna tana shanye hannu ko ƙafa. Wani iskan yana kan tsamiya, wani a bakin rijiya, wani a suri. Kowanne kuma da irin dabbar da yake so, har launin gashinta. Bamaguje ya san akwai Allah, amma yana ganin ya yi nisa, harkar yau da kullum a hannun iskoki take. Saboda haka ciwo ba ya zuwa haka kawai, sai an nemi wanda ya aiko shi. Yaro ya yi zazzaɓi, a tafi wurin boka, a yanka kaza. Bai warke ba, a yanka akuya. Ya mutu, a fara kallon tsohuwar da ke maƙwabtaka da idon maita. Tsoro ne mai cin aljihu, mai kuma raba zumunci.

Masu wa'azin Kirista ba su samu shiga wannan ƙasa da wuri ba. Ayarin Bishop Tugwell da Dokta Walter Miller ya iso Kano a 1900, Sarki Alu ya sallame su cikin 'yan kwanaki, kuma bayan cin ƙasa Turawan mulki da kansu suka yi ta taka wa mishan birki a masarautun Musulmi. Ƙofar da ta buɗe daga baya ta cuta ce. A 1937 aka miƙa wa mishan ɗin SIM kula da zangunan kutare na Kano da Katsina da Sakkwato, wato Yadakunya da Babbar Ruga da Amanawa. A 1943 suka buɗe asibitin ido a Kano, wanda har yau yake aiki a hannun cocin ECWA. Ba ƙaramin abu ba ne a ce bishara ta shigo ta hannun kutare. Kuturu a wancan zamani shi ne wanda kowa ke gudu, wanda shi kansa yake tsoron jikinsa. Ya je Yadakunya aka taɓa shi, aka wanke masa gyambo, aka koya masa karatu, bayan zuwan ƙwayar dapsone kuma aka fara sallamar wasu su koma gida. Waɗansu daga cikin masu bishara na farko a karkarar Kano daga nan suka fito. Sauran aka horar da su a tashoshin mishan irin na Roni, wadda yanzu take Jigawa, da makarantar Littafi Mai Tsarki ta Tofa.

Me mai bishara ya gaya wa Bamaguje? Bai ce masa babu iskoki ba. Da ya faɗi haka da an yi masa dariya, an ce bai taɓa kwana a gindin tsamiya ba. Abin da ya ce shi ne akwai wanda ya fi su, kuma ba ya karɓar kaza. Labarin da ke Markus sura 5, na mutumin da aljannu suka mayar da shi mazaunin maƙabarta har sarƙa ta kasa riƙe shi, Yesu ya kore su da magana, ba ya buƙatar dogon fashin baƙi a gidan da aka san bori. Shi ya sa tuba a wancan lokaci abu ne da ake gani da ido: a kwance layu da guraye, a tumɓuke abin tsafin da ke tsakar gida, a cinna musu wuta, dangi na tsaye daga nesa suna jiran su ga abin da zai faɗa wa mai wannan ganganci. Idan damina ta zo ta wuce bai mutu ba, geronsa kuma ya yi, wa'azin ya gama kansa.

Gaskiya ita ce yawancin Maguzawan da suka bar tsafi Musulunci suka shiga, tun kafin yawon musuluntarwa na Sardauna a farkon shekarun 1960 da kuma bayansa, kuma su ma abin da suka nema ke nan, mafakar da ta fi ƙarfin iska. Waɗanda suka zaɓi coci, musamman daga shekarun 1970 lokacin da fari ya girgiza ƙasa, makarantun boko kuma suka iso ƙauye, sun rabu da tsoro guda sun ɗauki wani.

Wa'azin tsuntsaye a gaban mai gero

Kafin a zo ga wancan, akwai tsoron da bai san addini ba, wato na sama. Manomin wannan yanki yana da wata uku zuwa huɗu ne kacal ya samo abincin shekara. Ruwa ya yi jinkiri, iri ya ƙone a rami. Ruwa ya ɗauke ana tsakiyar bununi, an yi aikin banza. Ga wuta-wuta mai shanye dawa, ga taki da ya fi ƙarfin talaka, musamman tun cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023. Ga gonar gado da 'ya'ya maza shida za su raba, kowa ya tashi da abin da bai kai a ɗaure jaki ba.

To, a gaban irin waɗannan mutane ne fasto zai buɗe Matiyu sura 6, inda Yesu ya hana almajiransa damuwa da gobe, ya ba su misali da tsuntsayen da Allah ke ciyarwa. Aya ce mai daɗin ji a cocin birni. A ƙauye sai an yi hattara, domin mai sauraro ya san sarai gonar wa tsuntsayen nan ke ci, shi ne ya tura yara da gwangwani su kore su. Sana'arsa gaba ɗaya tunanin gobe ce: ware iri, tara taki, auna abin da ke rumbu da watannin da suka rage. Faston da ya san aikinsa yakan haɗa wannan aya da labarin Yusufu, wanda ya tara hatsin shekara bakwai a Masar, don ya nuna shiri daban, zullumi daban. Shiri na sa mutum ya tashi da asuba. Zullumi na hana shi barci, ya wayi gari ba ƙarfin riƙe garma.

A ganina, abin da ya fi wa'azin tasiri shi ne abin da ke biyo bayansa. Da kaka ana bikin godiya, kowa ya kawo baikonsa dami-dami, gero da dawa da wake da gyaɗa, wani har da ɗan akuya. Daga nan ake ciyar da mai bishara, daga nan kuma ake ɗiba wa gwauraye da marayu idan bazara ta yi tsanani. Dattijo ya kwanta ciwo ana tsakiyar noman farko, matasan ikilisiya su yi masa gayya. Mutumin da aka ce masa kada ya damu, sannan ya ga samari goma da fartanyu a gonarsa, ya fahimci ayar fiye da wanda ya haddace ta. Inda coci ta yi ƙanƙanta ko ta talauce har ta kasa yin wannan, kalmar takan zama fanko, jama'a kuma suna ganewa.

Wanda ba shi da garin gudu

Tsoro mafi nauyi shi ne wanda ba a cika faɗa da ƙarfi ba. Duk Kiristan Kano da ya manyanta yana riƙe da wasu shekaru a ka: Oktoban 1982 da aka ƙona coci-coci a birni, Oktoban 1991 da zuwan mai wa'azi Reinhard Bonnke ya tayar da tarzoma, Mayun 2004 da aka yi ramuwar kisan Yelwan Shendam, da 29 ga Afrilun 2012 da aka buɗe wa masu sujada wuta a tsohuwar harabar Jami'ar Bayero. Yawancin wannan a birni aka yi, amma labari ba ya neman kuɗin mota. Kuma akwai bambanci babba tsakanin ɗan kasuwar Sabon Gari da manomin ƙauye. Na farkon, in abu ya ɓaci, yana da garin da zai kwashe iyali ya koma. Na biyun kakanninsa a nan aka binne su. Ina zai je?

Shugabannin ƙungiyar Kiristoci ta CAN da na Tarayyar Masihiyawan Nijeriya sun daɗe suna kokawa kan wahalar samun izinin gina wurin sujada, da rashin malaman addinin Kirista a makarantun gwamnati, da yadda ake tuhumar asalin mai suna Bulus ko Rifkatu idan ya je neman takardar zama ɗan ƙasa, da kuma batun 'yan mata ƙanana da kan bar gida a ce sun sauya addini, iyaye su rasa inda za su kai kuka. Tun bayan kisan ɗaliba Deborah Samuel a Sakkwato a watan Mayun 2022, an samu ƙarin abin fargaba: wayar da ke hannun yaro. Uwa takan ja wa ɗanta kunne kan abin da zai rubuta a WhatsApp fiye da yadda take ja masa kunne kan rijiya.

Sai dai wanda ya tsaya a nan ya ba da rabin labari. Maƙwabcin da ake fargabar abin da zugar baƙi za ta iya sa shi yi, shi ne dai wanda ke aiko da naman layya, a mayar masa da shinkafar Kirsimeti. Sau da yawa ɗan'uwa ne na jini, domin gida guda kan rabu, wa ya musulunta, ƙane ya shiga coci, suna haɗuwa a suna da biki da makoki. Musulmin Kano su ma sun ɗanɗana: harin 20 ga Janairun 2012 bai tambayi addinin kowa ba, na Babban Masallacin Juma'a a 28 ga Nuwamban 2014 ya kashe masallata fiye da 100. A zanga-zangar tallafin mai ta Janairun 2012 an ga Kiristoci sun yi wa Musulmi zobe suna salla a Kano, wasu Musulmi kuma suka ziyarci coci-coci don kwantar da hankali. Yanzu da 'yan bindiga suka fara tsallakowa daga iyakar Katsina zuwa ƙauyukan Shanono da Tsanyawa, kamar yadda aka gani a ƙarshen 2025, ƙarar babur da tsakar dare ɗaya take a kunnen mai alwala da mai riƙe da Littafi.

Dattawan coci sun san wannan, shi ya sa koyarwarsu kan tsoro ba ta rabuwa da koyarwa kan harshe da zama da mutane. Ka gai da mai unguwa, ka je jana'iza, ka biya bashi, kada ka rama zagi. Matasa masu jini a jika wani lokaci suna kiran wannan tsoro ne aka sa wa rigar haƙuri. Ba su rasa hujja gaba ɗaya ba, don akwai shirun da ke ƙara wa azzalumi ƙarfi. Amma dattijon da ya binne mutane a 1991 yana da tasa hujjar, kuma wannan gardama ba ta ƙare ba a cikin coci.

Inda ake sauke kaya

In kana son ganin yadda bangaskiya ke aiki a kan fargaba, kada ka tsaya a wa'azin Lahadi, ka leƙa taron Zumuntar Mata a tsakiyar mako. Nan ne mace ke miƙewa ta faɗi abin da ke cin ta: maigida ya tafi ci-rani wata uku babu aike, ɗiya ta kai munzalin aure babu saurayi Kirista a kusa, gabanta na faɗuwa ba dalili. Ba a yi mata dogon bayani. A ce, "Mama, sannu, Ubangiji yana nan," a durƙusa a ambaci sunanta da damuwarta ɗaya bayan ɗaya, sannan a ɗauki tulu da kacau-kacau a yi waƙa har gumi ya karyo. Washegari biyu daga cikinsu su biya ta gidanta da ɗan ƙullin daddawa. Abin da ya kwana a ƙirjin mutum ɗaya yanzu mutum ashirin sun san da shi, kuma ko likitan ƙwaƙwalwa ba zai raina wannan ba.

Karatu ma ya taka rawa. Tun 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, aikin da Miller ya ba da shekaru masu yawa a kansa, kuma ajin yaƙi da jahilci na coci ya sa tsofaffin da ba su taɓa shiga makaranta ba suna iya buɗe Zabura da kansu. Ta 23 da ta 91 da ta 121 su ne abokan dare. Wasiƙar Bulus ga Filibiyawa, wadda ya rubuta yana tsare, tana da farin jini saboda mai maganar kwanciyar rai ba daga kan katifa yake yin ta ba. Ƙungiyoyin Sabon Rai Don Kowa, da suka samo asali a shekarun 1960, sun mayar da ayoyi da dama waƙa da kiɗan gargajiya, ta yadda wanda bai iya karatu ba ma yana da abin da zai riƙa maimaitawa idan kare ya yi haushi da tsakar dare.

Amma akwai inda wa'azi ke yin ɓarna, kuma ya kamata a faɗa. Wasu masu wa'azi, musamman irin na zamani da ake kallo a waya, suna koyar da cewa duk mai jin tsoro bangaskiyarsa ce ta yi rauni, ko akwai zunubin da yake ɓoyewa. Sai mai fama ya koma gida da kaya biyu, fargabar da ya zo da ita da kuma laifin jin ta. Wasu kuma sun shigo da cinikin man shafawa da ruwan addu'a da kyallen da aka ce yana kore mugun abu. Jikan wanda ya ƙona layunsa a gaban dangi ya koma sayen wata layar a kwalba. Littafin da suke riƙe da shi bai goyi bayansu ba. A cikinsa Annabi Iliya ya gudu jeji don tsoron Yezebel har ya roƙi mutuwa, abin da aka fara ba shi kuwa abinci ne da barci, ba faɗa ba. Yesu da kansa ya yi baƙin ciki mai tsanani a Getsamani, ya nemi abokansa su zauna kusa da shi.

Akwai kuma fargabar da ta wuce ta yau da kullum ta zama ciwo. A ƙauye ba a kiran ta da sunan asibiti, sai a ce tunani ya yi wa wane yawa, ko zuciyarsa na bugawa, ko ba ya barci, ko ya daina shiga mutane. Mai jego ta ƙi kallon jaririnta. Wanda ya tsira daga hari ya riƙa zabura in an buga ƙofa. Irin wannan, a gidan Kirista a kan ce aljani ne a shiga azumi da addu'ar dare, a gidan Musulmi a kira mai ruƙiyya, a gidajen biyu kuma asibiti ne zaɓin ƙarshe, bayan an sayar da tunkiya. Alhali ciwo ne da ake magani, da ƙwaya ko da zaman tattaunawa da ƙwararre, kuma maganin bai hana kowa addu'arsa ba. Mutanen da bishara ta iso musu ta hannun masu wanke gyambo bai kamata a ce su ne ke ganin zuwa asibiti gazawar bangaskiya ba.

Likitocin ƙwaƙwalwa a Nijeriya ba su kai 300 ba, ga mutane fiye da miliyan 200, kuma sai a Janairun 2023 aka sa hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin ta 1958. Duk da haka wannan yanki ya fi wurare da yawa sa'a, domin asibitin masu wannan lalura na Dawanau yana nan a ƙasar Dawakin Tofa, ga kuma sashen da ke Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Fasto ko mai bishara shi ne mutum na farko da ake kai wa irin wannan kuka, tun kafin malamin asibitin sha-ka-tafi ya ji. In makarantun da ke horar da su, irin ta Tofa, suka koya musu gane alamun da ke cewa wannan ya wuce addu'a kaɗai, an rage rabin tafiyar. Saura kuɗin mota da wanda zai raka mara lafiya ya zauna da shi a layi, wannan kuwa Zumuntar Mata ta daɗe tana yi wa mai naƙuda.